Wankin allo ba ya shafe karatu

A birnin Damagaram, cikin unguwar Birni, akwai wani tsohon malamin lakwal da ya daɗe da yin ritaya, amma har yau yaro da babba ba mai kiran sa da wani suna sai Mushe. Yana cikin malaman da suka koyar da yara karatu da lissafi da Hausa a makarantun gwaji, waɗanda aka soma buɗewa a wannan birni tun 1973. Da ya aje alli, sai wata ƙaramar ƙungiyar malamai masu kishin al'ada ta ɗora masa aikin magatakarda. Burin ƙungiyar ɗaya ne: tattara kalmomin sana'o'in gargajiya daga bakin masu su, kafin su bi masu su zuwa kushewa. Shekara da shekaru suna zama gaban majema da dukawa da maƙera, suna tambaya suna rubutawa: sunan kowace wuƙa, matakan jiƙa fata da bagaruwa, yadda ake fitar da jan launi daga karan dafi. Kowace kalma da bayaninta cikin Hausa, a gefe kuma fassararta da Faransanci.

Duk abin da aka samo, Mushe ne ke buga shi cikin wata kwamfuta ta tebur da ƙungiyar ta saya ta hannu. Irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallama ne, su biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, su hau mota zuwa arewa. Pentium 4 ce, tana aiki da Windows XP na Faransanci, allonta kuwa mai ƙusumbin nan ne da sai mutum ya rungume shi kafin ya ɗaga. Littattafan da aka fara rubutun a ciki, gara ta ci wasu, ruwan wata damina ya jiƙa wasu. Da yawa daga dattawan da aka yi hira da su sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka abin da suka faɗa bai rage a ko'ina ba sai cikin wannan akwati mai launin toka.

A bazarar 2016, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, kwamfutar ta soma nuna alamun rashin lafiya. Da farko ɗigo-ɗigo ne kore da ja suka riƙa bayyana a kan allo, kamar an yayyafa yashi. Bayan kwana biyu suka zama zane-zane daga sama har ƙasa. Daga nan hoton ya riƙa daskarewa, sai an kashe an kunna. Ran nan da safe Mushe ya danna maɓalli, fanka ta juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin, akwatin ya yi kuka sau uku: ɗaya dogo, biyu gajeru.

Ya naɗe ta cikin zane, ya hau kabu-kabu, ya kai wa wani mai gyara. Mutumin bai ko kwance akwatin ba, ya ce ai maganinta a yi mata formate, a zuba sabon Windows. Mushe ya tambaye shi: to, rubutun da ke ciki fa? Ya ce duk zai tafi, haka aikin yake. Mushe ya yi godiya, ya sake naɗe kayansa, ya koma gida. Kwana uku barcinsa rabi da rabi ne. Ba kuɗin na'urar ke damun sa ba. Yana tuna wani tsohon majemi da ya riƙe hannunsa ya ce ya rubuta da kyau, don ƴaƴansa duk sun koma sayar da fetur a kwalba. Amana ce aka ba shi, ga shi tana neman salwanta a hannunsa.

A rana ta huɗu labari ya kai kunnen wani tsohon ɗalibinsa, wanda ke gyaran salula da kwamfuta a wata rumfa kusa da kasuwar Dole. Bayan la'asar sai ga shi da ƴar jakarsa, ya durƙusa ya gai da malaminsa. Bai taɓa na'urar ba tukuna, sai ya zauna yana tambaya, kamar likita gaban majinyaci.

Ya ce: "Mushe, lokacin da zanen nan ke fitowa, tun daga baƙin allon farko mai farin rubutu yake bayyana, ko sai tutar Windows ta wuce?"

Mushe ya yi shiru, ya ce: "Tun daga farko, ɗana. Har a kan rubutun nan da ke wucewa da sauri."

Saurayin ya ce: "To, alhamdulillahi. Ba Windows ba ne, ba kuma rubutunku ba ne. Da an yi formate, da an yanka lafiyayye an bar maras lafiya."

Sai ya yi masa bayani dalla-dalla. A cikin akwatin, wurin ajiya daban, wurin nuni daban. Rubutu yana kwance cikin diski, wanda shi ne rumbun na'urar. Katin hoto kuwa aikinsa kawai ya karɓi abin da za a nuna, ya mai da shi alamun da ke bin waya zuwa allo. Kafin Windows ya tashi, akwai wata ƴar manhaja da ke zaune cikin babban farantin na'urar, ana ce mata BIOS, ita ke duba kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. In aibin hoto ya bayyana tun a wannan mataki, to laifin na ƙarfe ne: ko kati, ko waya, ko allon kansa. In kuwa sai Windows ya tashi yake fitowa, a fara zargin manhaja. Kukan nan uku ma magana ce: a na'urori da yawa na wancan zamani, gajeren kuka ɗaya na nufin lafiya lau, dogo ɗaya da gajeru biyu kuwa na nufin BIOS ta nemi katin hoto bai amsa ba.

Mushe ya gyaɗa kai. Wannan bai yi masa wuyar fahimta ba, domin kafin ya shiga lakwal ya yi makarantar allo. Almajiri yakan wanke allonsa tas, amma karatun na nan a kansa.

Duk da haka saurayin ya ce ba zai taɓa kome ba sai ya fitar da amanar daga gidan da ke ciwo. Ya zare wayar wuta daga bango, ya kwance murfin, ya dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu don ya sauke ɓoyayyar wutar da jiki ke tarawa lokacin rani, wadda ke iya ƙona ƙananan kayan ciki. Ya ciro diskin, ya haɗa shi da tasa kwamfutar ta hannu da wata waya, ya kwafe kome. Da aka buɗe kundin majema don a tabbatar, sai gaban Mushe ya faɗi. Inda ya rubuta ƙirgi, ga qirgi. Inda ya rubuta ɗinki, ga xinki. Ɓawo ya koma vawo. Babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a shafin.

Ya ce: "Ka gani ko? Ciwon ya shiga cikin rubutun."

Saurayin ya duba, shi ma abin ya ɗaure masa kai, amma ya ce: "Ku yi haƙuri, Mushe. Kalmomin na nan, ba wadda ta ɓace. A bi ciwo ɗaya-ɗaya. In aka haɗa magani uku lokaci guda, ba a sanin wanda ya yi aiki."

Ya fara da abu mafi sauƙi. Ya haɗa tsohon allon da kwamfutarsa ta hannu, hoto ya fito garau, allo ya fita daga zargi. Ya duba kan wayar, shuɗin nan mai allurai 15 a jeri uku, wanda ake kira VGA tun da kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Ya ce allurai uku na farko su ke ɗauke da ja da kore da shuɗi, in ɗaya ta lanƙwashe sai allo ya rine da launi guda, mutane su ɗauka na'ura ta mutu alhali allura ce kawai. Duka suna tsaye. Saura kati.

Katin na zaune cikin wata doguwar kafa mai ruwan ƙasa da ake kira AGP, wadda ta fito a 1997, kafin PCI Express ta soma maye gurbinta daga 2004. Da ya zare shi, sai ga dalili a fili. Ƙurar hunturu ta shekaru ta dunƙule cikin ƴar fankar katin kamar auduga, ta hana ta motsi. Ya tura ta da yatsa, ta ƙi juyawa. Ya share ta da buroshi, ya goge haƙoran katin masu ruwan zinariya da robar goge fensir, domin sau da yawa datti a nan kaɗai kan hana hoto fitowa. Ya mayar, ya kunna: dogo ɗaya, gajeru biyu. Sai ya kai katin bakin ƙofa inda haske yake, ya nuna wa Mushe wasu ƴan gwangwanaye da ke tsaye a kansa, waɗanda masu gyara ke kira kwandansa. Lafiyayye kansa a shafe yake. Uku daga cikinsu sun kumbura, ɗaya har ya tsage ya fitar da wani abu mai kama da tsatsa. Ya ce daga wajen 1999 zuwa 2007 an cika kasuwannin duniya da kwandansa masu gurɓataccen ruwan ciki, waɗanda ke kumbura tun kafin lokacinsu, zafi kuma na gaggauta mutuwarsu. Kati mai irin wannan rauni, fankarsa a tsaye, cikin ɗakin da wuta ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, abin mamaki shi ne daɗewar da ya yi.

Mushe ya tambayi kuɗin sabo. Saurayin ya yi murmushi, ya juya bayan akwatin, ya ɓamɓare wani ɗan baƙin murfin roba. A ƙarƙashinsa ga wata kafar VGA da ba a taɓa amfani da ita ba. Yawancin kwamfutocin ofis na wancan zamani suna da nasu mai sarrafa hoto a jikin babban farantin, sai in an ƙara kati ake toshe kafarsa. Ba shi da ƙarfin wasanni ko zanen gini, amma ga mai buga rubutu ya isa har ya yi yawa. Ya aje mataccen katin gefe, ya mai da diski, ya sa waya a sabuwar kafa. Na'urar ta yi gajeren kuka ɗaya, farin rubutu ya bayyana tsaf.

A nan ne kashi na biyu na aikin ya soma, wato na manhaja. Windows ya tashi, amma gumakan allo sun yi girma kamar tafin hannu, launuka sun dusashe. Dalili shi ne kowane kayan ƙarfe na bukatar wata ƴar manhaja da ke yi masa tafinta da Windows, masu gyara na ce mata pilot. Tafintan da ke ciki na mataccen kati ne, sabon mai hoton kuwa ba shi da kowa. Magariba ta gabato, saurayin ya yi gaggawa. Ya ciro wani faifai mai tarin pilot iri-iri, ya zaɓi wanda ya ga sunansa ya yi kama, ya zuba, ya sake kunnawa. Sai allo ya rikiɗe shuɗi, cike da farin rubutu, na'ura ta tsaya cik.

Mushe ya dube shi ta saman tabarau, ya ce: "Wa ya ce a bi ciwo ɗaya-ɗaya?"

Saurayin ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce: "Ni ne, Mushe. A gafarce ni."

Bayan salla ya koma bisa ƙa'ida. Ya kunna, ya riƙa danna F8 kafin tutar Windows ta fito, ya zaɓi layin da aka rubuta Mode sans échec. A wannan hanya Windows na tashi da mafi ƙarancin kayan aiki, ya yi watsi da tafintan hoto, ya yi amfani da wani na gama-gari da kowane kati ke ji. Ya cire pilot ɗin da ya zuba bisa kuskure, ya cire na tsohon katin. Sa'an nan ya buɗe jerin kayan na'urar, inda wata alamar tambaya mai ruwan ɗorawa ke tsaye gaban abin da Windows bai gane ba. Maimakon ya yi ƙiyasi, sai ya karanta lambar shaidar abin. Kowane maƙeri na da tasa: 8086 ta Intel ce, 10DE ta Nvidia, 1002 ta ATI, lambar da ke biye kuma ita ke faɗin ainihin samfurin. Da wannan lamba ya nemo pilot ɗin da ya dace ta salularsa, domin tsohuwar na'urar ba ta iya buɗe yawancin shafukan intanet. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP tun ranar 8 ga Afrilu 2014, shekara 13 bayan fitowarsa a 2001. Saboda haka ya shawarci malaminsa kada ya ƙara haɗa ta da intanet, don ƙofofinta ba mai sake yi musu sakata.

Hoto ya daidaita. Ya sa faɗinsa a 1024 bisa 768, ya ɗaga saurin sabunta shi daga 60 zuwa 85 a daƙiƙa, sai rawar nan da ke sa idon Mushe ruwa tun shekaru ta ɓace, alhali shi ya ɗauka tsufa ne. Ya lura kuma agogon na'urar ya koma baya da shekaru. Ya canza wani ɗan batir mai kamar kwabo da ke jikin babban farantin, CR2032 mai bolt 3, wanda ke riƙe kwanan wata in an kashe wuta.

Sai aka buɗe kundin majema. Ga ƙirgi da ƙugiyarsa, ga ɗinki, ga ɓawo. Mushe ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba.

Amma saurayin bai gamsu ba. Me ya sa kundi ɗaya zai fito daidai a nan, ya fito a karkace a can? Da ya bincika, sai Mushe ya tuna cewa shekarun baya wani abokinsa ya kawo masa wani salon haruffa daga Kano a cikin ɗan faifai. Masu hikimar da suka ƙera irinsa sun lura Hausa ba ta amfani da q da x da v, sai suka zana ƙ da ɗ da ɓ a gurabensu. Dabara ce da ta yi wa marubuta da maɗaba'u amfani ƙwarai a lokacin da ba wata hanya. Illarta ita ce, a cikin diski harafin na nan a matsayin q, riga kawai aka sa masa. Duk na'urar da ba ta da wannan riga, q za ta nuna. Ashe aikin shekaru ya dogara ga ɗan fayil guda da ke cikin tsohuwar na'ura guda.

Maganin shi ne tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta kansa. A cikinsa ƙ ba aron gurbin kowa take ba, lambarta 0199. Haka ɗ da ɓ da ƴ, wadda ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar a 1999 ta tanada. Akwai kuma salon haruffa na kyauta masu ɗauke da su duka, irin su Charis SIL da Doulos SIL. Washegari suka zauna sauya haruffa a kan kwafi, ba a kan asali ba. Wannan taka-tsantsan ya yi rana, domin a gwajin farko umarnin sauyawa ya bi ta kan Faransancin ma: peaux ya zama peauɗ, vieux ya zama ɓieuɗ. Mushe ya yi dariyar da ya kwana biyu bai yi ba, ya ce yau Faransanci ya ɗanɗani abin da Hausa ta daɗe tana sha a hannun na'urori. Suka sake, wannan karon suka taƙaita umarnin ga rubutun da ke cikin tsohon salon kaɗai, manyan haruffa daban, ƙanana daban. Mako biyu Mushe na bin shafukan da jan biro, kamar yadda ya saba bin littattafan ɗalibai.

Labarin wannan akwati bai tsaya ga gidan Mushe ba. A makarantu da ɗakunan karatu da ofisoshin ƙungiyoyi, daga Maraɗi zuwa Tawa, tsofaffin kwamfutoci na jibge a lungu an rufe su da zane, an ce sun mutu. Wata ƙura ce ta shaƙe ta, wata allura ɗaya ce ta lanƙwashe, wata batirin kwabo take nema. Cikin wasunsu akwai tatsuniyoyi da wasannin kwaikwayo da darussan yaƙi da jahilci da ba su da kwafi a ko'ina. Abin da ya ceci kundin majema ba tsadar kayan aiki ba ne. Tambaya ce kafin taɓawa, da kwafewa kafin gyara, da gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wannan kuwa tarbiyya ce da kowane malamin aji ya sani, tun da da ita yake gano inda lissafin yaro ya karkace.

Da ƙungiyar ta yi zamanta na gaba, Mushe ya kawo shawara uku, aka amince da su: kowane kundi a aje shi wuri uku, gida uku dabam, a buga shi a takarda ko da kwafi ɗaya ne, kada a ƙara rubuta Hausa da haruffan aro. Ya ɗora mataccen katin a kan tebur, aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu, dattawa na shafa kumburarrun kwandansan da yatsa.

Saurayin ya ƙi karɓar ko dala. Da Mushe ya matsa, sai ya ce in dai lallai sai an biya, a ba shi kwafin kundin, domin kakansa na wajen uwa baduku ne, shi kuwa ko sunan wuƙa ɗaya bai sani ba. Mushe ya sa hannu cikin aljihu, ya miƙa masa ƴar kile, ya ce: "Ka zama gida na huɗu ke nan. Allah ya yi maka albarka."